Bin Sawun Kadinal Richelieu: Daga La Rochelle Zuwa Faris

Idan ka tsaya a gaɓar Les Minimes da ke La Rochelle ka dubi mashigar jiragen ruwa, za ka hango wata 'yar hasumiya ja tsaye a tsakiyar ruwa. Matuƙa jirage suna kallonta a matsayin alamar hanya, amma sunanta hasumiyar Richelieu, kuma a kan layin da take ne aka datse teku a shekarar 1627. Daga nan na soma wannan tafiya, don in ga da idona wuraren da wani malamin coci, Armand Jean du Plessis, wanda duniya ta fi sani da Kadinal Richelieu, ya riƙe ragamar mulkin Faransa a matsayin wazirin Sarki Louis na 13 daga 1624 har mutuwarsa a 1642. Zuwa garin ba wuya. Daga tashar Montparnasse ta Faris jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum cikin awa uku ko ƙasa da haka, kuma daga tashar jirgin da ƙafa ake isa tsohuwar tashar ruwa.

A wancan zamani La Rochelle ce cibiyar 'yan Furotesta na Faransa. Dokar Nantes ta 1598 ta ba su damar yin ibadarsu, ta kuma bar musu garuruwa masu ganuwa da dakarun kansu. Wannan gari yana da magajinsa, yana da jiragensa, yana ƙulla magana da Ingila kai tsaye. A 1627 rundunar sarki ta zagaye shi ta tudu da ramuka da sansanoni na kimanin kilomita 12, amma muddin ƙofar teku na buɗe, abinci zai ci gaba da shiga. Shi ya sa aka yanke shawarar toshe bakin tekun ɗungurungum.

Wanda ya tsaya a gaɓar lokacin da ruwa ya janye zai gane yadda aikin ya yiwu. Tekun wurin ba zurfi, kuma idan ya ja baya sai laka ta bayyana har nesa. Clément Métezeau da Jean Thiriot ne suka tsara madatsar. Tsawonta ya kusa kilomita ɗaya da rabi, an faro ta daga gaɓa biyu ana nufo tsakiya, an kuma ajiye ta nesa da inda igwar garin za ta iya kaiwa. Ana kafa turakun katako, a cika tsakaninsu da duwatsu, inda ruwa ya yi zurfi kuma a nutsar da tsofaffin jirage da aka ɗura wa ɓaraguzai. Ba a haɗe bakin biyu ba. An bar giɓi a tsakiya don ruwan teku ya riƙa shiga yana fita sau biyu a rana, domin da an rufe shi gaba ɗaya nauyin ruwan kaɗai ya isa ya ture ginin. Giɓin nan aka tsare da nutsattsun jirage da turaku da jiragen yaƙi. Guguwar hunturu ta ɓarke wani sashe tun aikin bai yi nisa ba, sai aka sake ginawa da gefe mai gangara yadda igiyar ruwa za ta hau ta sauka maimakon ta daki bango tsaye.

Ingila ta gwada kai ɗauki har sau uku. Buckingham, jagoran rundunar Ingila, ya sauka a tsibirin Ré a watan Yulin 1627, ya kasa cin sansanin Saint-Martin, kuma a harin ƙarshe tsanin da sojojinsa suka jingina wa bango suka gaza tsawo. Yau gada ce ta haɗa tsibirin da gari, sai dai mai ziyara ya sani cewa ganuwar da zai gani a Saint-Martin ta injiniyan soja Vauban ce, an yi ta bayan shekara hamsin da ɗoriya. Jiragen Ingila sun sake zuwa a Mayu da kuma Satumban 1628, suka iske madatsa da igwa a gaɓa biyu, suka juya. A tsakanin nan, da sarki ya koma Faris na ɗan lokaci a Fabrairun 1628, sai ya bar wa kadinal jagorancin rundunar baki ɗaya.

Ranar 28 ga Oktoba 1628 garin ya miƙa wuya. Cikin mutum wajen 27,000 da ke ciki, kimanin 5,000 ne suka rage, kuma yunwa ce ta kashe mafi yawansu. A gaban zauren mulkin gari akwai mutum-mutumin Jean Guiton, magajin garin da ya ƙi buɗe ƙofa har abin ya kai haka. Na daɗe a gabansa, don ban ga yadda za a yaba hikimar madatsar nan a manta cewa aikinta shi ne hana mata da yara abinci ba. Ranar 1 ga Nuwamba sarki ya shiga gari, kadinal kuma ya jagoranci sujada a cocin Sainte-Marguerite. Aka rushe ganuwar da ke kallon tudu, aka bar hasumiyoyi uku na bakin teku, Saint-Nicolas da Chaîne da Lanterne, waɗanda har yau ake hawa.

Abin da ya biyo baya shi ya fi nuna irin tunanin mutumin. A sulhun Alès na Yunin 1629 an ƙwace wa 'yan Furotesta garuruwansu masu ganuwa da rundunarsu, amma an bar musu ibadarsu. Masu tsananin kishin Katolika a fada sun so a gama da su gaba ɗaya, shi kuwa abin da ya dame shi kada a sami wani mai igwa a ƙasar in ba sarki ba.

Daga La Rochelle na nufi arewa zuwa Luçon, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba. Ƙaramin gari ne a bakin fadamu, doguwar hasumiyar babban cocinsa ce ke fara tarar ido tun daga nesa. A nan amsar tambayar da mutane suka fi yi take, wato yaya aka yi malamin addini ya zama waziri. Tun yarjejeniyar Bologna ta 1516, sarkin Faransa ke zaɓar bishop-bishop da shugabannin gidajen 'yan zuhudu, Fafaroma ya tabbatar. Kujerar bishop tana da gonaki da kuɗin shiga, saboda haka sarki yana saka wa bayinsa da ita. Sarki Henri na 3 ya ba gidan du Plessis kujerar Luçon saboda hidimar mahaifinsu. Armand, wanda aka haifa a 1585, aikin soja yake koyo. Sai yayansa Alphonse, wanda aka tanadar wa kujerar, ya zaɓi shiga zuhudu. Don kada abincin gida ya suɓuce, aka juyo da ƙanin zuwa karatun addini, ya tafi Rum neman izini saboda shekarunsa ba su kai ba, aka naɗa shi a 1607 yana da shekara 21.

Duk da haka kuskure ne a ɗauka rigar aro ya sa. Yawancin irin waɗannan bishop-bishop a Faris suke zama suna karɓar kuɗi, shi kuwa ya tare a Luçon a Disambar 1608, ya iske coci da yaƙe-yaƙen addini suka lalata da gidan bishop da ba ya zaunuwa. Ya zagaya ƙauyuka, ya tsananta wajen zaɓen limamai da horar da su, ya rubuta littafin koyar da addini cikin Faransanci mai sauƙi don a riƙa karanta wa talakawa. Wannan suna ne ya sa malaman yankin Poitou suka tura shi babban taron wakilan ƙasa na 1614, inda ya yi jawabin rufewa a madadin malaman coci a Fabrairun 1615. Uwar sarki, Marie de Médicis, ta lura da shi. A 1616 ya zama sakataren gwamnati, a 1617 aka kashe Concini, ɗan gaban goshin uwar sarki, aka kori duk mutanensa, har Richelieu ya ƙare a gudun hijira a Avignon. Abin da ya dawo da shi shi ne rikicin uwa da ɗa, domin ana bukatar wanda zai shiga tsakani, kuma malamin coci ya fi kowa dacewa da wannan aiki. Ladarsa ita ce jar hular kadinal a 1622, sannan kujera a majalisar sarki a Afrilun 1624.

Hular nan kayan aiki ce. Gidansu ba babban gida ba ne, kuma a majalisa wurin zama da damar magana suna bin daraja. Matsayin kadinal ya ɗora shi gaban manyan hakimai waɗanda a da ba za su bari ya zauna kusa da su ba. Kuɗin gidajen 'yan zuhudu da aka riƙa ba shi, har da Cluny da Cîteaux, sun ba shi abin riƙe ma'aikata da 'yan rahoto ba tare da ya jira baitulmali ba. Ga shi ba ya aure, don haka sarki ba ya tsoron ya kafa gidan da zai nemi gadon sarauta. Sannan coci yana da mutane masu karatu a ko'ina. Babban amininsa a harkar ƙasashen waje ɗan zuhudu ne, Père Joseph, kuma 'yan'uwansa na ɗariƙar Capucin suna yawo daga fada zuwa fada suna kawo labari. Hatta jiragen yaƙi, babban bishop na Bordeaux, Henri de Sourdis, ya ba jagorancinsu.

Garin da ke ɗauke da sunansa yana kudu da Chinon da kimanin kilomita 20. Jirgin fasinja ba ya zuwa, motocin safa kuma ba su da yawa, gara mutum ya ɗauki hayar mota. Na shiga ta ɗaya daga cikin ƙofofinsa uku, bayan na haye gwalalon da ya zagaye ganuwa. Akwai ƙofa ta huɗu da ba ta kai ko'ina, an yi ta ne kawai don fasalin ya daidaita. Jacques Lemercier ya zana garin, aka fara ginin a 1631: mita 700 a tsawo, 500 a faɗi, dandali biyu, da miƙaƙƙen titi guda da ya haɗa su. A kan titin akwai manyan gidaje 28 iri ɗaya sak, kowanne da doguwar ƙofar da keken doki zai shige, farin dutse a gefen tagogi, baƙin rufi mai gangara. Idan ka tsaya a ƙofar wani gida ka waiga, ƙofar na tsallaken titi tana daidai saitinka. A dandalin kasuwa rumfar katako ta asali tana nan, kuma ya dace mutum ya ɗaga kai ya kalli yadda aka sarƙa azarorinta.

Yadda aka cika garin da mutane darasi ne a kan yadda mulkinsa ke tafiya. Ana ba da fili kyauta bisa sharaɗin a gina cikin shekara biyu, kuma a bi zanen da aka ajiye. An yafe wa mazauna manyan haraji, an kwaso ofisoshin gwamnati daga garuruwan maƙwabta an kawo nan. Waɗanda suka gina gidajen babban titin ma'aikatan kuɗi ne da sakatarori masu neman shiga wurin kadinal, ba mutanen da ke da niyyar zama a wannan lungu ba. Babu babban kogi, babu hanyar fatake. Yana mutuwa suka fara sayarwa suna komawa Faris, kuma yau mutanen garin ba su kai 2,000 ba. Gida mai lamba 28 an mayar da shi wurin baje tarihi, a nan ake ganin yadda ƙaton gidansa na kudancin gari yake a da. Gidan kansa babu shi. An sayar a 1805, mai saye ya warware shi dutse-dutse ya sayar. Abin da ya rage a cikin makeken lambun shi ne wani ɗaki mai ƙubba, da ɗakin renon lemo, da rumbunan ƙasa, da magudanan ruwa. Sassaƙe-sassaƙen Michelangelo guda biyu da suka ƙawata gabansa suna gidan tarihi na Louvre. Kilomita kaɗan daga nan, a Champigny-sur-Veude, akwai wani gidan sarauta da ya mallaka ta hanyar musaya ya sa aka rushe don kada ya yi gogayya da nasa, gine-ginen hidima da ɗan cocin gidan mai tagogin gilashi masu launi ne kawai suka tsira, cocin kuwa don Fafaroma ya sa baki. Wannan son kai ne tsagwaronsa, kuma dukiyar da ya bari, wajen livre (kuɗin Faransa na lokacin) miliyan 20, ba daga albashi ta fito ba.

A Faris na fara da fadar Luxembourg, inda majalisar dattawan Faransa ke zama yanzu. Daga cikin lambu ake kallonta. A nan ne a ranakun 10 da 11 ga Nuwamban 1630 komai ya kusa rushe masa. Uwar sarki da Michel de Marillac, mai riƙe da hatimin sarki, suna son sulhu da Sifaniya, ƙasar Katolika, a sauƙaƙa wa talaka haraji, a gyara cikin gida. Richelieu yana ganin gidan sarautar Habsburg, wanda ke mulkin Sifaniya da Ostiriya, ya zagaye Faransa, kuma dole a karya shi ko nawa za a kashe. Marie ta keɓe da ɗanta don ta sa ya kore shi, kadinal ya shigo ta wata ƙofa da aka manta ba a kulle ba, ta zazzage masa zagi a gaban sarki. Louis ya fita bai ce uffan ba, ya tafi ɗan gidan farautarsa na Versailles. Fadawa suka yi dafifi wurin uwar sarki suna murna. Da yamma sarki ya aika a kira kadinal. Aka kama Marillac, aka fille kan ɗan'uwansa a 1632, uwar sarki ta tsere daga ƙasar a 1631 ba ta sake dawowa ba. Ban ɗauki Marillac a matsayin wawa ba. Abin da ya faɗa game da wahalar talaka gaskiya ne, kuma shekarun da suka biyo baya sun tabbatar.

Wannan rana ta nuna inda ƙarfinsa yake. Ba shi da wata kujera da doka ta kare, yardar mutum ɗaya ce kawai. Saboda haka bai taɓa yanke babban hukunci da sunansa ba. Yakan rubuta wa sarki takarda ya jera zaɓi da abin da kowanne zai jawo, sarki ya amsa, sakatarorin gwamnati su fitar da umarni. Dabararsa ita ce cika waɗannan kujeru da mutanensa: Bullion da Bouthillier a kan kuɗi, Séguier a kan hatimi da shari'a, Chavigny a kan ƙasashen waje, Sublet de Noyers a kan yaƙi. Shi kuma ya ɗauki baƙin jinin. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma duk wanda ya yi tawaye a zamanin yakan ce yana tare da sarki, waziri yake yaƙa. Sarki ne ya ƙi yafe wa Montmorency-Bouteville da aka kashe a 1627 saboda fito-na-fito da takobi, da Henri de Montmorency a 1632, da Cinq-Mars a 1642, amma kadinal ake tsine wa.

Bayan wata biyu da rikicin Luxembourg, a Janairun 1631, Faransa ta sa hannu a yarjejeniyar Bärwalde: livre miliyan ɗaya duk shekara ga Gustave Adolphe, sarkin Suwidin ɗan Furotesta, don ya riƙe dakaru 36,000 a Jamus yana yaƙar sarkin sarakuna ɗan Katolika na gidan Habsburg. Kadinal na cocin Rum ne ya shirya wannan. A Mayun 1635 Faransa ta shiga yaƙin da kanta, a 1636 kuma sojojin Sifaniya suka ci garin Corbie da ke arewa da Faris har mutanen Faris suka fara ɗaure kaya.

Yaƙi kuɗi ne, kuma a nan tsarin ya yi ta cijewa. Yawancin alƙalai da masu raba haraji a larduna sayen kujerunsu suka yi, suna biyan wani kaso duk shekara don 'ya'yansu su gada, don haka sarki ba ya iya tsige su, su kuma suna sassauta wa danginsu da masu haya a gonakinsu. Maganin da aka faɗaɗa shi ne tura wakilai daga majalisar sarki, waɗanda ake kira intendant, da takardar aiki da za a iya janyewa kowane lokaci. Suna sa ido a kan shari'a da ciyar da soja, kuma zuwa 1642 rabon haraji ya koma hannunsu. Kuɗin sun shigo, amma da jini. Manoman kudu maso yamma sun tashi a 1636 da 1637. A 1639, a yankin Avranches na Normandie, masu dafa gishiri daga yashin bakin teku suka ji raɗe-raɗin za a ɗora musu cikakken harajin gishiri, suka kashe wani jami'i, tawayen ya bazu har Rouen, aka turo soja aka murƙushe su. Coci ma bai tsira ba, domin a taron malamai na Mantes a 1641 ya matsa musu su ba da gudummawa, aka sallami bishop-bishop da suka ƙi.

Gidansa na Faris yana daura da Louvre, a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Palais Royal. Ya bar wa sarki shi a wasiyya, shi ya sa sunan ya koma haka. Gobara da gyare-gyare sun cinye kusan duk ginin asali. Mai nema ya shiga babban tsakar gida, ya wuce gajerun ginshiƙai masu zanen fari da baƙi, ya dubi bangon gefen gabas, zai ga gaban jiragen ruwa da ƙugiyoyinsu an sassaƙa a dutse. Wannan ne ya rage, kuma tuni ne ga muƙamin shugaban harkar teku da ciniki da ya karɓa a 1626, wanda a ƙarƙashinsa Faransawa suka mamaye Guadeloupe da Martinique a 1635. Ginin yanzu mazaunin manyan majalisun shari'ar ƙasar biyu ne da ma'aikatar al'adu. A shekarar 1635 ɗin ce kuma ya ba ƙungiyar Académie française, mai kujeru 40, rijistar sarki, bayan ya tsaya wa jaridar Gazette da Renaudot ya fara a 1631, wadda fada ke amfani da ita wajen faɗin labari yadda take so.

Kabarinsa yana cocin jami'ar Sorbonne, wadda ya shugabanta tun 1622 ya kuma sake gina ta. Lemercier ne dai ya zana cocin, aka aza harsashi a 1635. Ba kullum ake buɗe shi ba, sai an yi rajistar zagaye da ɗan jagora ko a ranakun buɗe gine-ginen tarihi na watan Satumba, don haka a bincika kafin a je. François Girardon ya gama sassaƙa kabarin a 1694: kadinal a kishingiɗe, wata mace mai wakiltar addini ta tallafe shi, wata tana kuka a ƙafafunsa. Ya mutu ranar 4 ga Disamba 1642, bayan ya ba sarki shawarar ya riƙe Mazarin, wani kadinal ɗan Italiya, wanda ya ci gaba da wazirci har 1661. Louis na 13 ya bi shi bayan wata biyar, a Mayun 1643. A 1793 'yan juyin juya hali suka fasa kabarin, wani ya ɗauke kan gawar, ya yi ta yawo a hannun mutane har aka mayar da shi cocin a 1866.